Babi na Shida: Hukunci Kafin Kallo

Ranar Talata, 12 ga Disamba, 2017, da safe agogon Los Angeles, kamfanin Disney ya ɗage takunkumin da ya sa wa masu sharhin fina-finai game da The Last Jedi, kashi na takwas na Star Wars. Kafin a ce kwabo, sharhi ya cika jaridu da shafukan intanet, kuma kusan duk yabo ne. Saura kwana uku a buɗe ƙofofin sinima ga jama'a a Amurka. Banda 'yan jarida da baƙin da aka gayyata bikin haska fim ɗin a zauren Shrine da ke Los Angeles ranar 9 ga wata, kusan babu wanda ya gani. Amma a cikin waɗannan kwana uku miliyoyin mutane sun riga sun ɗauki matsayi, kuma da yawansu ba su sake sauka daga kai ba har yau.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake ƙulla wannan al'amari, domin ba haka nan yake faruwa ba. Babban kamfanin fim yakan gayyaci masu sharhi su kalli fim kafin kowa, da sharaɗin ba za su wallafa komai ba sai rana kaza, ƙarfe kaza. Kamfanin ne ke zaɓar ranar. Idan ya yarda da kayansa, sai ya ɗage takunkumin da wuri don yabo ya taya shi sayar da tikiti. Idan yana ɗari-ɗari, sai ya ja shi har jajibirin fitowa. Masoya fina-finai sun daɗe da gane wannan dabara, shi ya sa ko ranar ɗage takunkumi ma sukan yi mata fassara. Akwai kuma wani mataki kafin wannan: a daren bikin haskawa ana barin mahalarta su rubuta gajeren ra'ayi a Twitter, layi biyu ko uku, ba tare da tona labari ba. Mutumin da aka shimfiɗa wa jan kafet, ya zauna kusa da jaruman fim, ya fito kunnensa cike da tafi, da wuya ka ji kushe a bakinsa a daren. Saboda haka yabon farko kusan kullum ya fi ƙarfin fim ɗin, kuma da shi ake fara ɗora wa 'yan kallo buri.

Duk wannan sharhi, wanda wasu suka kwana suna rubutawa, a ƙarshe lamba ɗaya yake zama. Shafin Rotten Tomatoes, wanda aka kafa a 1998, yana tattara sharhin ɗaruruwan marubuta, ya raba kowanne gida biyu, ko ya yaba ko ya kushe, sannan ya fitar da kaso. Fim ɗin da ya samu kashi 60 cikin ɗari ko fiye sai a liƙa masa jan tumatir, wanda ya gaza sai kore fasasshe. Mutane da yawa ba su san cewa lambar ba maki ba ce. Idan masu sharhi ɗari duk suka ce fim ba laifi, ana iya kallo, to zai samu kashi ɗari cikin ɗari ko da babu ɗaya daga cikinsu da ya ce ya burge shi. Fim mai ƙarfin hali kuwa, wanda rabin masu sharhi suka ɗauke shi gwanin shekara rabi suka tsane shi, zai tashi da 50 da koren tambari. Wato lambar tana faɗa maka mutum nawa ne ba su ƙi fim ba, ba ta faɗa maka zurfin son da aka yi masa. The Last Jedi ya fara da sama da 90, ya kuma zauna a kan 91.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, a ranar Talatar nan galibin masoya murna suka yi. Lambar ta yi musu daɗi, suka yi ta yaɗa ta kamar sakamakon jarrabawar ɗansu. Shekara biyu kafin nan The Force Awakens na J.J. Abrams ya dawo da Star Wars sinima, ya tara sama da dala biliyan 2, amma an yi ta ƙorafin cewa maimaicin fim ɗin farko na 1977 ne aka sauya wa riga. Yanzu ga masu sharhi suna cewa sabon darakta, Rian Johnson, ya yi abin da ba a zata ba, ya karya tsammani, wasu har suna kwatanta aikinsa da The Empire Strikes Back. Ƙalilan ne suka ji ƙararrawa a cikin wannan yabo. Su suka fara tambaya: me aka karya? Tsammanin wa?

Amsar ta zo musu daren Alhamis, lokacin da aka fara nunin farko a Amurka.

Don a fahimci zafin abin, dole a koma baya. Luke Skywalker ba jarumin fim kawai ba ne ga Ba'amurken da ya tashi tsakanin 1977 da 1983. Yaro ne ɗan ƙauye, maraya, mai kallon faɗuwar rana yana mafarkin barin gonar kawunsa. A Return of the Jedi na 1983 ya tsaya gaban mahaifinsa, Darth Vader, mutumin da duniya ta yanke ƙauna da shi, ya ƙi kashe shi, ya jefar da takobin haskensa, domin ya yi imani akwai sauran alheri a zuciyar uban. Yara sun girma da wannan hoto. Sun sayi littattafai da kayan wasa, sun yi aure, sun nuna wa 'ya'yansu. Shekara talatin da 'yan kai suna jiran ya dawo. A ƙarshen The Force Awakens aka nuna shi na ɗan lokaci, tsaye a kan wani tsibiri (an ɗauki hoton a Skellig Michael da ke gaɓar Ailan), budurwa Rey tana miƙa masa tsohon takobinsa, bai ce uffan ba fim ya ƙare. Shekara biyu cur ana muhawara a kan abin da zai faɗa. Da The Last Jedi ya buɗe wannan fage, sai Luke ya karɓi takobin, ya dube shi, ya wurga shi ta bayan kafaɗa ya yi tafiyarsa. Can gaba kuma aka bayyana cewa shi ne, a wani dare, ya kunna takobi a kan ɗan 'yar'uwarsa Ben Solo yana barci, don ya hango sharrin da ke tsiro a zuciyar yaron. Ya yi nadama nan take, amma yaron ya riga ya farka ya gani.

Ni ina cikin waɗanda suke ganin wannan shi ne mafi ƙarfin abin da ke cikin fim ɗin. Dattijon da ya yi nasara yana saurayi, aka mayar da shi almara tun yana raye, sannan ya yi kuskure guda ya rasa komai, ya gudu ya ɓuya don kunya, wannan mutum ne da za ka iya sani a rayuwa. Amma ba zan taɓa cewa wanda ya ji ciwo ba shi da hujja ba. Tambayarsa mai nauyi ce: ta yaya wanda ya ƙi ɗaga hannu a kan uban da ya kashe dubbai zai ɗaga shi a kan yaron da bai yi komai ba tukuna? Mark Hamill kansa, wanda ya fito a matsayin Luke tun 1977, ya faɗa a hirarraki kafin fitowar fim ɗin cewa ya shaida wa Johnson bai yarda da yadda aka juya halin jarumin ba. Daga baya, a ƙarshen Disamba, ya ce ya yi nadamar fito da shakkunsa fili, ya kuma yaba wa fim ɗin. Sai dai maganar ta riga ta fita, aka yayyanka ta aka yi ta yawo da ita a YouTube.

Ba Luke kaɗai ba. Shekara biyu masoya suna lissafin ko Rey 'yar waye, wasu su ce jinin Skywalker ce, wasu su ce jikar Obi-Wan Kenobi. Fim ya ce iyayenta ba kowa ba ne, mashaya ne da suka sayar da ita. Shekara biyu ana hasashen asalin Snoke, babban mugun da aka gabatar a kashi na bakwai. Fim ya raba shi biyu a tsakiyar labari ba tare da ya faɗi daga ina ya fito ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka da dare ya san abin da ke faruwa idan ta sauya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da yara suka haddace: nan take za su yi caa, su ce ba haka take ba. Ba wai sabuwar ba ta da daɗi ba ne, sun ɗauka tatsuniyar tasu ce, ita kuwa riƙo kawai aka ba ta. To haka masoya Star Wars suke ji, sai dai a nan mai ba da labarin kamfani ne da ya sayi Lucasfilm daga hannun George Lucas a 2012 a kan dala biliyan 4 da 'yan kai, kuma a doka labarin nasa ne shi kaɗai.

Mai sharhi da masoyi tambaya biyu daban suke ɗauke da ita idan suka shiga sinima. Mai sharhi yana kallon ɗaruruwan fina-finai a shekara, yawancinsu kamar an zuba su a tukunya ɗaya. Ya gaji da sanin ƙarshen labari tun daga minti na goma. Idan ya ci karo da fim mai tsada irin wannan da ya yi kasadar kauce wa hanya, ya ga jar ƙasa tana tashi daga ƙarƙashin farin gishiri a yaƙin ƙarshe, ya ji zauren sinima ya yi tsit lokacin da jirgin wata kwamanda mai suna Holdo ya tsaga rundunar abokan gaba babu sauti ko kaɗan, sai ransa ya yi fari. Tambayarsa ita ce: an yi aiki mai kyau? Masoyi kuwa wataƙila sau uku ko huɗu yake zuwa sinima a shekara, kuma wannan karon gida ya zo. Tambayarsa ita ce: an riƙe amanar mutanen da na sani? Kowacce tambaya halal ce. Ɓarnar ta fara ne da aka jera amsoshin biyu gefe da gefe a shafi ɗaya, kowacce da kasonta, kamar sakamakon zaɓe.

Domin a gefen lambar masu sharhi akwai ta 'yan kallo, kuma a lokacin kowa na iya shiga ya jefa ƙuri'a, ya kalli fim ko bai kalla ba, da asusu ɗaya ko goma. Kafin ƙarshen makon farko lambar 'yan kallo ta faɗo wajen hamsin da wani abu, daga baya ta gangara cikin arba'in. Wannan tazara ta zama labari a kanta. Amma akwai wani ma'auni da bai yi amo kamar wannan ba. Kamfanin CinemaScore na Las Vegas tun ƙarshen shekarun 1970 yake aika ma'aikata sinimomi a daren farko, su miƙa wa mutanen da suka sayi tikiti kati su ba da maki. Waɗannan sun ba The Last Jedi makin A, daidai da The Force Awakens. Fim ɗin ya tara dala miliyan 220 a ƙarshen makon farko a Amurka da Kanada, ya kuma ƙare da biliyan 1.3 a duniya, fiye da kowane fim na 2017. A ɗaya ɓangaren, cinikin mako na biyu ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku, jimillar kuma ta gaza ta The Force Awakens da sama da dala miliyan 700. Kowane ɓangare ya tsinci alƙaluman da suka yi masa daɗi ya riƙe. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, akwai ɗimbin mutanen da fim ɗin ya ɓata wa rai da zuciya ɗaya, akwai kuma ɗimbin da suka fita suna murna, sannan lambar intanet ba ta auna ko ɗaya daga cikinsu daidai ba.

Daga nan zargi ya tashi cewa Disney ta sayi masu sharhi. Wannan zargi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba duka ne ƙarya ba, kuma ba gaskiya ba ne yadda ake faɗarsa. Gaskiyar da ke ciki ita ce kamfani yana riƙe da ƙofa. Shi ke gayyata kallon farko, shi ke ba da damar hira da jarumai, kuma ƙaramin shafin da ke rayuwa da labaran Star Wars ya san abin da zai rasa idan aka daina kiransa. Wannan matsi ne na gaske ko da ba a miƙa wa kowa ambulan ba. Amma wata guda kacal kafin fitowar fim ɗin an ga yadda manyan masu sharhi suke da Disney. A farkon Nuwamba 2017 kamfanin ya hana jaridar Los Angeles Times shiga kallon farko na fina-finansa, saboda rahoton da ta yi kan hulɗar Disneyland da hukumomin birnin Anaheim. Ƙungiyoyin masu sharhi huɗu, na Los Angeles da New York da Boston da kuma ta ƙasa baki ɗaya, suka haɗa kai suka ce ba za su saka fina-finan Disney cikin kyaututtukansu na ƙarshen shekara ba sai an janye. Jaridar New York Times ta ce ita ma ba za ta halarci kallon farko ba. Cikin 'yan kwanaki Disney ta ja da baya. Mutanen da suka yi wannan tsayuwa su ne bayan mako biyar aka ce an saye su. Shi kuwa shafin Rotten Tomatoes tun 2016 yana hannun Fandango, kamfanin sayar da tikiti wanda a lokacin yake ƙarƙashin NBCUniversal, Warner Bros. kuma tana da ƙaramin kaso. Dukansu abokan hamayyar Disney ne a kasuwa.

Wannan ɗabi'a ta yaƙi da sharhi kafin kallo ta girmi The Last Jedi. A Yuli 2012, kwanaki kaɗan kafin fitowar The Dark Knight Rises, wani mai sharhi mai suna Marshall Fine ya wallafa kushe na farko. Masoya Batman, waɗanda ko ɗaya bai ga fim ɗin ba, suka yi masa rubdugu da zagi har da barazanar kisa, saboda ya ɓata musu kashi ɗari cikin ɗari. Christy Lemire ta kamfanin dillancin labarai na AP ta sha irin nata, da ƙarin cin mutuncin da ake keɓe wa mata. Dole Rotten Tomatoes ya rufe sashen tsokaci na fim ɗin. A Agusta 2016 kuma, da masu sharhi suka kushe Suicide Squad, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke suna neman a rufe shafin ɗungurungum, nan ma kafin fim ya fito. A 2012 da 2016 laifin masu sharhi shi ne sun kushe, a 2017 laifinsu shi ne sun yaba. Abin da bai sauya ba shi ne, masoyi yana so lambar ta tabbatar masa da abin da ya riga ya ji a ransa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne yake riga gani zuwa, ya kama kujera ya zauna.

Da abin ya tsaya a gardama kan fim, da ban ba shi babi guda ba. Gardama kan labari alamar rai ce. Amma ya wuce nan, ya sauka a kan mutane masu jini da tsoka. Kelly Marie Tran, 'yar 'yan gudun hijira daga Biyetnam, wadda aka haifa a San Diego, ita ta fito a matsayin Rose Tico, kuma shi ne babban fim ɗinta na farko. Watanni ana bin ta a Instagram da zagi kan launin fatarta, da jikinta, da asalinta. A Yuni 2018 ta goge duk abin da ta taɓa wallafawa a can. A Agusta ta rubuta maƙala a New York Times, inda ta bayyana cewa abin da ya fi yi mata ciwo ba kalaman ba ne, sai yadda ta fara yarda da su. Ba ita ta rubuta labarin ba, ba ita ta ba da umarni ba. Aiki aka ba ta ta yi. John Boyega, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, tun a 2014 ya fara shan nasa, lokacin da tallar farko ta The Force Awakens ta nuna baƙar fata cikin sulken sojan daula, wasu suka ce ba za ta saɓu ba, alhali saura shekara guda fim ya fito. A Yuli 2018 kuma Ahmed Best, wanda ya yi Jar Jar Binks a The Phantom Menace na 1999, ya fito ya faɗa cewa tsangwamar da ya sha a wancan lokaci ta kusa sa shi kashe kansa. Ya riƙe wannan a cikinsa kusan shekara ashirin.

Ba na yarda da masu cewa duk wanda ya ƙi The Last Jedi mai wariyar launi ne ko maƙiyin mata. Wannan zalunci ne, kuma ya ƙara rura wutar, domin mutumin da ya zo da ƙorafi na gaskiya kan Luke aka kira shi da mummunan suna, sai ya koma inda ake sauraronsa, ko da wurin miyagu ne. Wani mai bincike a Jami'ar Kudancin California, Morten Bay, ya bi saƙonnin da aka aika wa Rian Johnson a Twitter cikin watannin da suka biyo bayan fitowar fim ɗin, ya wallafa sakamakon a 2018. Ya gano cewa masu suka tsiraru ne a cikin masu rubuto masa, kuma kusan rabin waɗannan masu sukar asusun bogi ne, ko 'yan tsokana, ko masu amfani da fim ɗin don wata manufa ta siyasa. Binciken ƙarami ne, na dandali ɗaya da mutum ɗaya, bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya nuna abu biyu a lokaci guda: akwai masu hura wuta da gangan, sannan sauran rabin mutane ne na gaske da ransu ya ɓaci. Su waɗannan na biyun ina da magana ɗaya da su. Da yawansu sun ga abin da ake yi wa Tran a ƙarƙashin tutarsu, suka yi shiru, don kada a ce sun ba abokan gardama maki.

Shekara biyu bayan The Last Jedi komai ya juye. An dawo da J.J. Abrams ya rufe labarin da The Rise of Skywalker, wanda ya fito ranar 20 ga Disamba, 2019. Wannan karon takunkumin bai tashi ba sai saura kwana biyu, kuma da ya tashi lambar masu sharhi ta tsaya a hamsin da 'yan kai, koren tambari. Suka ce fim ɗin yana gudu kamar ana bin sa, kuma ya zo ne ya warware abin da Johnson ya ƙulla. Rey da aka ce ba 'yar kowa ba ce ta zama jikar Palpatine, mugun sarkin da ya mutu tun 1983 aka tono shi. Luke ya dawo a matsayin kurwa, ya cafe takobin da Rey ta jefa cikin wuta. Rose Tico, wadda take cikin manyan jarumai a kashi na takwas, fitowarta duka ba ta kai minti biyu ba. Waɗanda jiya suka ce Disney ta sayi masu sharhi ba su tsaya sun bayyana yadda aka yi cinikin ya ɓaci ba, sai suka ce ai dama masu sharhi ba su san abin da jama'a ke so ba. Waɗanda jiya suka kare Johnson da lambar 91 kuma, da yawansu suka ɗauki sabuwar lambar suka yanke wa fim ɗin hukunci tun ranar Laraba, su ma ba su gani ba. Lambar 'yan kallo a shafin ta tsaya a 86, amma CinemaScore, masu tambayar mutane a bakin ƙofa, suka samu B+, ƙasa da na kashi na takwas. Cinikin duniya ya ɗan haura dala biliyan ɗaya, mafi ƙanƙanta a cikin ukun.

A ganina wannan fim shi ne abin da ake samu idan kamfani ya ɗauki hayaniya a matsayin muryar jama'a. Masu shirya shi sun sha musanta cewa martani ne ga ƙorafin masoya, kuma gaskiya ne sun yi fama da matsaloli na daban, ciki har da rasuwar Carrie Fisher a Disamba 2016 da sauya darakta a 2017. Amma wanda ya kalli fina-finan biyu a jere zai ga inda aka bi ƙorafi ɗaya bayan ɗaya ana shafa masa mai. Bai gamsar da waɗanda suka yi fushi ba, ya kuma ɓata wa waɗanda suka yi murna. Boyega ya fito a 2020, a hirarsa da mujallar GQ ta Birtaniya, ya ce kada kamfani ya tallata baƙar fata a matsayin babban jarumi sannan ya ture shi gefe. Wannan ƙorafi ne na wanda ya san abin daga ciki, ya kuma jira aka gama kafin ya yi magana.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin, kuma ba ya gaggawa. The Empire Strikes Back, wanda yau kusan kowa ya yarda shi ne gwanin jerin, bai samu wannan matsayi a 1980 ba. Wasu daga cikin sharhin farko sun yi sanyi-sanyi, har da na Vincent Canby a New York Times, kuma akwai 'yan kallon da suka fita da haushin labarin da ya ƙare jarumai suna cikin asara. Fina-finan Lucas uku na 1999 zuwa 2005, waɗanda aka yi wa dariya shekara da shekaru, yaran da suka tashi da su sun girma sun dawo musu da martaba. Ba ina cewa haka za ta faru da The Last Jedi ba. Ina cewa ne a wancan zamani ra'ayi yana da sararin da zai sauya, domin ba a sa mutum ya yi rantsuwa a gaban dubban mabiya tun kafin ya sayi tikiti ba. Wanda ya rubuta ranar Talata cewa fim ɗin shara ne, ya samu masu tafa masa dubu, da wuya ya dawo ranar Asabar ya ce ya ji daɗinsa.

Rotten Tomatoes ya yi gyara, ko da yake a makare. A Fabrairu 2019, bayan an yi wa Captain Marvel ruwan ƙuri'un ƙiyayya makonni kafin fitowarsa, shafin ya hana tsokacin jama'a kan fim ɗin da bai fito ba. A Mayu na shekarar ya fara fifita ƙuri'ar wanda aka tabbatar ya sayi tikiti ta Fandango. Gyaran ya rage ɓarna a fina-finan sinima, amma bai shafi shirye-shiryen talabijin ba, tunda babu tikitin da za a nuna, kuma can Star Wars ya koma bayan 2019, a manhajar Disney+. A Yuni 2024 aka fara sakin The Acolyte, wanda Amandla Stenberg ta ja. Masu sharhi suka ba shi sama da 70, lambar 'yan kallo kuwa ta faɗi ƙasa da 20 tun ana kan sassan farko. Cikin masu jefa ƙuri'ar har da waɗanda suka ɓata hanya suka sauke fushinsu a kan Acolytes, wani fim ɗin ban tsoro na Ostareliya da aka yi a 2008, wanda ba shi da wata alaƙa da Star Wars. A watan Agusta aka sanar cewa ba za a ci gaba da shirin ba bayan zango ɗaya.